Ma'anar "kulok" a haɗin sauti na dijital, da dalilin da ya sa yake jawo ƙas-ƙas

Mai haɗa saun-kad ɗinsa na waje (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi) da wata na'ura ta wayar dijital, miksa ce ko kibod ko akwatin ƙarin makirufo takwas, da wuya bai taɓa cin karo da wannan ciwon kai ba. Waya sabuwa fil, an cusa ta inda ya dace, sauti ma yana fitowa, amma can ƙasa-ƙasa sai a riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas, ba ƙaƙƙautawa. Wani lokacin kuma shiru ne kawai, wata 'yar fitila tana ta ƙyaftawa a gaban na'urar. Waya ake fara zargi, daga nan a koma kan kwamfuta, a sauke direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da na'urar, a sake ɗorawa. Alhali a haɗin dijital abin da ya fi yawan haddasa wannan shi ne kulok, wato agogon da ke cikin kowace na'urar sauti.

Ga yadda abin yake. Na'urar dijital ba ta ɗaukar sauti a dunƙule. Auna ƙarfin siginar da ke shigowa take yi sau dubbai a kowace daƙiƙa, kowane awo ta mayar da shi lamba, kuma wannan awon guda shi ake kira samfur. Faifan CD yana ɗauke da samfur 44,100 a daƙiƙa, aikin bidiyo galibi 48,000, wasu kuma kan kai 96,000. Abin da ke ba na'urar umarnin "auna yanzu" a kowane karo shi ne kulok: ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz mai kaɗawa, dangin wanda ke cikin agogon hannu.

Matsalar ita ce babu kwaz biyu da suke tafiya daidai wa daida. Ka saita na'urori biyu duk a kan 48,000, to a rubuce ne suka zo ɗaya. A ce ɗaya ta fi ɗaya sauri da kashi 50 cikin miliyan, bambancin da ko kusa ba a ɗauke shi lalacewa ba. Lissafi zai nuna maka rarar samfur biyu da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Kamar mai jefa bulo ne da mai cafewa: in mai jifa ya ɗan fi sauri, komai ƙanƙantar bambancin, lokaci zai zo da bulo zai iso hannu bai shirya ba, ya faɗi. Samfurin da ya faɗi, ko wanda aka maimaita saboda na gaba bai iso ba, shi ne ƙas ɗin da kunne ke ji.

Saboda haka doka ɗaya ce ke riƙe da duk haɗin dijital: jagora ɗaya tak, sauran duk mabiya. Na'urar da aka sa a kan Internal tana bin agogonta, ita ce jagora. Wadda aka sa a kan External, ko aka zaɓa mata sunan kafar da siginar ke shigowa, kamar ADAT ko S/PDIF (tsare-tsare biyu na aika sautin dijital ta waya), ta ajiye nata agogon ta bi na waje. In ta kama shi sosai, fitilar da aka rubuta wa Lock ko Sync za ta tsaya cak ta daina ƙyaftawa. Kuskuren iri biyu ne. In duka biyun jagora ne, sauti zai fito amma da ƙas-ƙas, kuma wannan ya fi cutarwa don mutum zai iya gama ɗaukar aiki bai lura ba. In kuwa duka mabiya ne, kowa na jiran ɗan'uwansa, sai a ji shiru ko sauti ya riƙa yankewa.

To wa zai zama jagora? A nan mutane da yawa ke ruɗewa, don suna ganin ai saun-kad ne babba, shi ke manne da kwamfuta, shi ya kamata ya ja gaba. Ba girma ake dubawa ba, hanyar da sigina ke bi ake dubawa. S/PDIF da ADAT duk suna cusa bugun agogo a cikin sautin da kansa, saboda haka kulok yana tafiya ne ta inda sauti ya nufa. Ɗauki akwatin makirufo takwas da aka haɗa da saun-kad da wayar haske guda ɗaya, daga fitar akwatin zuwa shigar saun-kad. Akwatin ba shi da hanyar jin agogon saun-kad, don babu abin da ke komawa gare shi. Dole akwatin ya zauna a Internal, saun-kad ya bi ADAT. In kana son a juya, sai ka ƙara waya ta biyu mai komawa, ko ka ja wayar kulok ta musamman mai kan BNC, wadda ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan sai bugun agogo. Ita kuma tana son a rufe ƙarshen layinta da tamineta, wani ɗan marufi da ake sa wa kafar ƙarshe, mai om 75 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne). Wasu na'urori da maɓalli ake kunna ta.

A ganina mai na'urori biyu ko uku ba ya buƙatar sayen na'urar kulok ta daban. Amfaninta yana bayyana ne inda na'urori suka yi yawa har jera su ɗaya bayan ɗaya ya zama wahala. Saiti daidai ya wadatar da ƙaramin sutudiyo.

Wayoyin su ma suna da nasu tarkon. S/PDIF, wanda Sony da Philips suka ƙirƙira, layi biyu yake ɗauka, hagu da dama, kuma yana zuwa ta hanya biyu: ta wayar ƙarfe mai kan RCA, ko ta wayar haske ta TOSLINK da Toshiba ta fito da ita. Ta ƙarfen tana son waya mai om 75. Wayar RCA ja da fara ta sautin yau da kullum za ta shiga kafar, har ma ta yi aiki in gajeriya ce, amma da ta yi tsawo sai Lock ya fara zuwa yana tafiya. ADAT kuwa na kamfanin Alesis ne, ya fito a farkon shekarun 1990, yana ɗaukar layi takwas a waya guda har zuwa 48,000. In ka hau 96,000 layukan sun koma huɗu, ta tsarin da ake kira S/MUX, don haka in makirufo huɗu suka ɓace bayan ka ɗaga saitin, babu abin da ya lalace.

Babban tarkon shi ne kafar haske iri ɗaya ce ga ADAT da S/PDIF, waya ma ɗaya ce, amma ba sa fahimtar juna. A saun-kad da yawa sai ka shiga manhajarsa ka faɗa wa kafar wanne za ta karɓa. Kafin haka ma, zare wayar daga ɓangaren shiga ka duba bakinta: in akwai jan haske, mai aikawa yana aiki. In babu, ko dai ba a kafar fita ka cusa ɗaya kan ba, ko wayar ta karye a ciki, don ba ta jure lanƙwasa mai tsanani. Sabbin wayoyi kan zo da 'yar hular roba a baki, a cire ta. In kuma daga talabijin kake jan sauti ka ji wata ƙara mai tsanani maimakon magana, sauya fitarsa zuwa PCM, wato sautin dijital da ba a matse ba, don saun-kad na sutudiyo ba ya warware matsattsen sauti irin na Dolby Digital.

Ba kowane ƙas-ƙas ne na kulok ba. Akwai wanda ke fitowa tsakanin saun-kad da kwamfuta ta USB, in bafa, wato 'yar ma'ajiyar da samfur ke taruwa kafin a tura su, ta yi ƙanƙanta har kwamfutar ta kasa cika ta a kan kari. Bafa mai samfur 128 a kan 48,000 ba ta ba kwamfuta ko kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Rarrabe su ba wuya. Na kulok yana zuwa ne da tazara kusan iri ɗaya, a layukan dijital kawai, ko kwamfuta tana hutawa. Na bafa kuwa yana ƙaruwa in aiki ya yi nauyi, ya shafi duk layuka, ya kuma ragu in ka ɗaga ta zuwa 512 ko 1024. In na bafa ne, a Windows ka yi amfani da direban ASIO na kamfanin da ya ƙera na'urar, ka cusa ta kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta hob, wato akwatin raba kafar USB, ba, ka kashe saitin da ke sa kafofin USB barci don tattalin wuta.

Sai kuma a tabbatar adadin samfur ɗaya ne a ko'ina, har da cikin manhajar ɗaukar sauti. Abin da aka ɗauka a 44,100 in aka kunna shi a 48,000 ba tare da juyawa ba, zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance.

Ƙas ɗin da ya riga ya shiga rikodin ya zauna ke nan, gyara saiti daga baya ba zai fitar da shi ba. Shi ya sa gwaji kafin a fara aiki yake da muhimmanci. Kada ka gwada da shiru, don samfurin da ya faɗi a cikin shiru ba ya ƙara, ganga kuma tana ɓoye shi. Danna maɓalli ɗaya mai kaurin sauti a kibod ka riƙe, ka ɗauki kamar minti guda ta layin dijital ɗin, sannan ka saurara da hedifon.