Binciken likitoci kan maganin toshewar jijiyoyin jinin ƙafa mai tsanani

Toshewar jijiyoyin jinin ƙafa mai tsanani, wadda likitoci ke taƙaita sunanta na Turanci da CLTI, ita ce matakin ƙarshe na cutar da kitse ke taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, hanya ta yi ta tsukewa har jinin da ke isa yatsu ya kasa ciyar da nama. Masu ciwon suga da mashaya sigari da masu ciwon ƙoda su ta fi kamawa. Ana gane ta da ciwon ƙafa ko mutum na kwance ba ya komai, har ya wuce sati biyu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko yatsa ya yi baƙi ya fara ruɓewa. Da dare abin ya fi tsanani, za ka ga mara lafiya ya sauko da ƙafar daga bakin gado tana lilo don jini ya ɗan gangaro ya samu sauƙi, wasu ma a kan kujera suke kwana.

Hanyoyin buɗe wa jini hanya manya guda biyu ne. Ta farko tiyata, a ciro wata doguwar jijiya daga ƙafar mutum kansa a ɗinka ta sama da ƙasan wurin da ya toshe, jini ya bi ta kewaye. Jean Kunlin ne ya fara yin haka a Faris a 1948. Ta biyu kuma ba a yanka, siririyar waya ake zurawa ta matsematsi a hura ɗan balan-balan a cikin jijiyar, wani lokaci a bar ragar ƙarfe ta tokare wurin. Charles Dotter ya fara faɗaɗa jijiyar ƙafa ta wannan hanya a Amurka a 1964, a kan wata tsohuwa 'yar shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ko da yake shi bututu ya yi amfani da shi, balan-balan daga baya ya zo.

To wacce ta fi? Nan ne fa gardamar take. Binciken BASIL na Birtaniya da ya fito a 2005 ya raba mutum 452 ta hanyar ƙuri'a, aka ga kusan kunnen doki ne, sai dai waɗanda suka wuce shekara biyu da rai tiyata ta fi musu. Aka daɗe ana jan magana har 2022 da wani binciken mai suna BEST-CLI ya fito, mutum 1,830 a asibitocin Amurka da Kanada da Finland da Italiya da New Zealand. Cikin masu lafiyayyar jijiyar da za a ciro, kashi 42.6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sun mutu ko an yanke ƙafa ko an sake babban aiki, a ɓangaren waya kuwa kashi 57.4. Waɗanda ba su da jijiya mai kyau, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ba a gama shan wannan ba sai ga BASIL-2 a 2023, mutum 345 a Birtaniya da Sweden da Denmark, duk masu toshewa a ƙasan gwiwa, ya zo da akasin haka: kashi 63 na masu tiyata sun mutu ko sun rasa ƙafa, masu waya kashi 53. Kamar sun ci karo, amma in ka duba da kyau ba irin mutane ɗaya aka gwada ba, kuma ba abu ɗaya aka ƙirga ba, don BEST-CLI ya haɗa har da sake aiki a lissafinsa. Shi ya sa yanzu likita kan fara duba jijiyar da za a ciro da na'urar sikanin, ya ga inda toshewar take, ya auna ko zuciyar mutum za ta ɗauki tiyata, sannan ya zaɓa.

An kuma sha gwada allurar da za ta sa sabbin jijiyoyi su tsiro da kansu. A 2002 wani gwaji a Japan da ƙwayoyin ɓargon mara lafiya ya tayar da buri sosai, amma da aka yi gwajin JUVENTAS a Holan da mutum 160, ana yi wa wasu allurar gaske wasu ta banza ba tare da sun sani ba, ba a ga bambanci ba. Allurar ƙwayar halittar gado (gene) a gwajin TAMARIS na 2011 mai mutum 525 ita ma haka ta ƙare.

Sai waɗanda ake ce musu ba su da zaɓi, wato babu sauran jijiyar da za a buɗe ko a ɗinka. Don su aka ƙirƙiro na'urar LimFlow, dabarar ita ce a karkata jini daga jijiyar da ke kai shi a zuba a wadda ke dawo da shi, ya bi ta baya ya isa tafin ƙafa. A gwajin PROMISE II na 2023, cikin mutum 105 kusan kashi 66 suna raye da ƙafarsu bayan wata shida, sai dai babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar a 2023.