Keɓe lokacin nazari a shugabancin ƙungiyoyin sa-kai

Keɓe lokacin nazari shi ne shugaban ƙungiya mai zaman kanta, wato irin waɗanda ake ce wa NGO, ya ware wasu awoyi ko kwanaki da ba zai taɓa aikin yau da kullum ba, ya zauna ya duba inda ƙungiyar ta dosa: me aka kafa ta ta yi, wane aiki ya kamata a bari, daga ina kuɗi zai fito nan da shekara uku, wa zai riƙe ta in shi ya tafi. Ba ɗaya ba ne da rubuta kundin tsare-tsare na shekara biyar, duk da mutane da yawa suna haɗa su.

Tarihi

Yawancin abin da aka rubuta a kan batun daga Amurka da Kanada ya fito, kuma daga harkar mulki da kamfanoni ya faro kafin ya shigo ƙungiyoyi. A watan Agustan 1954 shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi jawabi a garin Evanston inda ya ambato maganar wani tsohon shugaban kwaleji cewa matsalolinsa iri biyu ne, akwai na gaggawa akwai masu muhimmanci, kuma na gaggawar ba su ne masu muhimmancin ba. Daga nan aka samo jadawalin nan mai gida huɗu, wanda ke raba ayyuka bisa gaggawa da muhimmanci, da ake koyarwa a wuraren bita har yau, amma dai ba shi ya zana shi ba, daga baya ne wasu suka mayar da maganar zane.

Peter Drucker, masanin harkar gudanarwa haifaffen birnin Biyana na Ostiriya a 1909, ya zo da shawara mai sauƙi a wajen 1967, ya ce shugaba ya fara da rubuta inda lokacinsa ke tafiya a zahiri kar ya dogara da abin da yake zato, sannan ya yanke abin da ba dole ba, sai ya tattara ragowar ya zama dunƙule guda, don minti goma nan minti goma can ba ya isa a yi tunani mai zurfi. A ƙarshen rayuwarsa ya karkata sosai ga ƙungiyoyin sa-kai, kuma a 1990 aka kafa gidauniya da sunansa don wannan fanni, Frances Hesselbein ce ta jagorance ta bayan ta shugabanci ƙungiyar 'yan mata sikawut ta Amurka daga 1976 zuwa 1990.

Wanda ya fi nuna girman matsalar shi ne Henry Mintzberg na jami'ar McGill a Kanada. Ya bi manyan shugabanni biyar, kowanne mako guda, yana rubuta duk abin da suka yi, sakamakon da ya fitar a 1973 ya nuna rabin ayyukansu ba sa kai minti tara, kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke wuce awa ɗaya. A 1994 kuma ya sake dawowa yana cewa tsara kundi daban tunani daban, har ma wani lokacin kundin ne ke kashe tunanin. Duk wanda ya taɓa ganin kundin tsare-tsare mai bango mai sheƙi ya yi ƙura a kan kabad ɗin ofis zai gane abin da yake nufi.

A ɓangaren tallafi, a 1969 aka ƙirƙiro wa USAID, hukumar Amurka da ta riƙa ba da tallafi ga ƙasashen waje, jadawalin da ke jera manufa da ayyuka da ma'aunin nasara, ya bazu ga kusan duk masu ba da tallafi. Ya taimaka wajen bin diddigin kuɗi, sai dai ya sa ƙungiyoyi da dama tunaninsu bai wuce tsawon aikin da aka ba su kuɗinsa. A 2009 Ann Goggins Gregory da Don Howard sun bayyana yadda matse kuɗin gudanarwa ke sa ƙungiyoyi su yi ta rama, ba ma'aikata isassu, shugaba shi ne akanta shi ne mai rubuta rahoto.

A arewacin Najeriya

A nan abin ya fi wuya saboda dalilai biyu da suka haɗu. Na farko takardu: rahoton wata uku-uku ga masu tallafi, takardar neman sabon tallafi da wa'adinta ke cika ƙarfe sha biyun dare, bayanan shekara ga CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, rajista da SCUML mai sa ido kan halatta kuɗin haram, ga odita. Na biyu kuma zumunci ne, shi kuwa ba a wasa da shi. Shugaba ya zauna kenan ya buɗe kwamfuta sai a yi sallama, wani dattijo ne daga unguwar da ake aiki ya zo da maganar rijiyar burtsatse da ta lalace, dole a tashi a gaisa a kawo ruwa, kafin ya fita waya ta yi ƙara an yi rasuwa jana'iza bayan azahar. Rufe ƙofar ofis kuwa wasu girman kai suke ɗaukarsa, "Hajiya yanzu ba ta ganuwa."

Illar rashin wannan lokaci ta fito fili a Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, daga baya ma aka rushe USAID ɗin. Ƙungiyoyin da suka dogara da kafa ɗaya, musamman a Borno da Yobe da Adamawa, sun sallami ma'aikata sun rufe ayyuka, kuma tambayar "in wannan kuɗin ya tsaya fa?" ita ce ainihin irin tambayar da ake keɓe lokaci dominta.

Hanyoyi

Wasu suna amfani da bayan sallar asuba zuwa hantsi kafin gari ya waye sosai, wasu suna ware yini guda a mako su yi aiki a wajen ofis su miƙa wa mataimaki wayar. Akwai taron kwana biyu ko uku da kwamitin amintattu, wanda ke da amfani in ba a cika shi da jawabai ba. Bill Gates ya shahara da keɓewa mako guda sau biyu a shekara yana karatu lokacin yana Microsoft, gidauniyar Durfee ta Los Angeles kuma tun 1997 take biyan kuɗi shugabannin ƙungiyoyi su tafi hutun wata uku. Duk hanyoyin suna tsaye ne a kan abu guda, a samu wanda aka yarda da shi ya riƙe ofis, abin da ke yi wa waɗanda suka kafa ƙungiya da hannunsu nauyi ƙwarai.

Saɓani

Wasu na ganin shawarar ta masu wadata ce, ƙungiya mai ma'aikata huɗu ba ta da wannan sararin. Wasu kuma sun ce tunanin da shugaba ya yi shi kaɗai ba tare da ma'aikatan fili da mutanen gari ba yakan kauce hanya.