Waiwaye: Yadda ɗaliban Jami'ar National Louis suka sauya tun daga 1886

Jami'ar National Louis da ke birnin Chicago a Amurka ta samo asali ne daga wani ƙaramin aji da Elizabeth Harrison ta buɗe a shekarar 1886, domin koya wa mata yadda ake renon hankalin yara ƙanana kafin su shiga firamare, bisa tafarkin Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar yara ƙanana ta kindergarten. A wancan zamani mutane da dama ba su ɗauki koyar da ɗan shekara huɗu a matsayin sana'ar da ke buƙatar horo ba, don haka ɗaliban farko 'yan mata ne da iyaye mata. Bayan Edna Dean Baker ta gaji Harrison a 1920, makarantar ta koma garin Evanston da ke arewa da Chicago, kuma a 1930 ta zama National College of Education, da karatun malanta na shekara huɗu.

Sauyin da ya fi girma ya zo ne sannu a hankali, ta hanyar kuɗi. Makaranta mai zaman kanta da ba ta da babban asusun ajiya na gudunmawar masu taimako tana rayuwa ne da kuɗin da ɗalibai ke biya, kuma ta ga cewa 'yan matan da ke zuwa kai tsaye daga sakandare ba za su ishe ta ba. Sai ta juya ga magidanta da malaman da ke bakin aiki, masu zuwa aji da yamma ko a ƙarshen mako, ta kuma ƙara fannonin kasuwanci da gudanarwa. A 1990 ta zama jami'a, ta ɗauki sunan Michael Louis wanda ya ba ta gudunmawa mai tsoka, daga bisani kuma ta mayar da hedikwatarta titin Michigan a tsakiyar birnin.

Bayan 2010 masu neman karatun malanta sun ragu ƙwarai a faɗin Amurka, kuma jami'ar ta ji a jikinta. A 2012 ta sallami malamai fiye da sittin, ciki har da waɗanda aka riga aka ba tabbacin aiki na dindindin, abin da ya jawo mata tsawatarwa daga ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka a 2013. Mafitar da ta nema ita ce shirin digiri mai rahusa da ta ƙaddamar a 2015, a kan kimanin dala dubu goma a shekara, wanda ya janyo matasan makarantun gwamnati na Chicago, galibinsu 'yan asalin Latin Amurka da baƙar fata, da yawansu su ne na farko a gidajensu da suka taka jami'a. A ganina tilas ce ta kai ta ga wannan mataki, amma ya dace da buƙatar birnin, domin makarantun Chicago sun daɗe suna fama da ƙarancin malaman da ke jin Sifaniyanci kuma suka tashi a unguwannin da yaran suka fito, kuma daga cikin waɗannan matasa ne za a iya samun irin waɗannan malamai.