Fijo 504 ɗinka na yoyon baƙin mai? Ga tambayoyin da aka fi yi min

Motar da nake hawa Peugeot 504 ce, Fijo dai, ta mahaifina ce, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. A Faransa ta fara fitowa a 1968, kuma wallahi har gobe in ka kula da ita bata baka kunya a hanya. Masu irinta suna yawan tare ni da maganar yoyon mai, shi yasa nace bari in haɗa amsoshin waje ɗaya.

Kullum da safe ina ganin ɗigon mai a ƙasan mota, ai tsohuwar mota dama haka take ko?

A'a, ban yarda da wannan maganar ba sam. Naso daban, yoyo daban. In gefen inji ya ɗan yi damshi ƙura ta manne, toh wannan tsufa ne ana iya haƙuri da shi. Amma mai ya riƙa sauka ƙasa har ya ɓata maka siminti, akwai abinda ya lalace. Injin nan kusan lita 4 kawai yake ci, in kana zubar da kaɗan kaɗan baka duba geji (sandar auna mai) wata rana kana tsakiyar hanyar Zariya jan wutar mai zata kama, kafin ka samu wajen fakin inji yayi nokin, kuɗin gasket ɗaya ya koma kuɗin sauke inji.

Ta yaya zan san baƙin mai ne ba wani abu ba?

Shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙasanta da daddare, da safe ka duba. Na inji baƙi ne kuma wajen gaba yake sauka. Na giyabos yafi haske, ta tsakiyar mota zaka ganshi. In kuma kusa da taya ne, ruwa-ruwa mai santsi, man birki ne, kar ma ka tada motar sai an duba.

Bakanike ya leƙa ƙasa yace oyil sil na baya ne (abinda yake tare mai a bayan inji), wai sai an sauke giyabos. In bari?

Dan Allah dakata tukuna. Nan ne kuɗin mutane suke tafiya a banza kuma abin yana min ciwo. Inda mai yake ɗiga ba lallai nan ne inda yake fitowa ba. Mai gangarowa yake, in kana gudu kuma iska da fanka suna kora shi baya, saboda haka ko daga can saman inji ya fito ƙarshenta a mahaɗar inji da giyabos zai taru ya ɗiga, duk wanda ya kwanta ƙasa ya kalla sai ya rantse sil na baya ne. Ga shi injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata gefe ɗaya, shi yasa man da ya zubo daga tof koba (murfin saman inji) yake bin jikin bulok ya zagaya ya ɓullo inda baka zata ba.

Ni kaina an taɓa sauke min giyabos a wani gareji, na biya, kwana biyu yoyo ya dawo yadda yake. Ashe oyil suwic (mai kunna jan wutar mai) ne ya tsage, ɗan abu da bai kai babban yatsa biyu ba, minti goma aka canza shi.

Abinda za kayi shine wanki. Bari inji ya huce, ka rufe distiributa da kafireto da leda, ka samu kananzir da buroshi ka wanke shi tas tun daga sama har kwanon mai na ƙasa (banda fetur, musamman in da sauran zafi a jikin inji). In ya bushe ka barbaɗa hoda, ko ta jarirai ma tayi, a duk inda kake zargi. Sai ka tada motar ka barta tana aiki kamar minti 15, ka ɗauko tocila ka bi a hankali. Mai zai zana layi baƙi a cikin farar hodar, kai kuma ka bi layin nan zuwa sama har inda ya fara. Wajen da yafi ko'ina tsayi da ka samu a jiƙe, shine mai laifin. In bai nuna a tsaye ba ka ɗan zaga unguwa ka dawo ka sake dubawa, wani yoyon sai inji yayi zafi yake buɗewa.

Ina da ina ya kamata in fara dubawa?

Fara da masu arha. Gasket ɗin tof koba shine na ɗaya, zafi yana busar da shi ya tsattsage. Sai oyil filta, wani lokaci robar tsohon ce take maƙalewa a ɗaura sabo a kanta, ko kuma ba'a ɗaure shi daidai ba. Sai oyil suwic, sai inda famfon fetur yake ɗaure a jikin bulok, sai notin juye mai wanda ake ta maida masa tsohuwar wosha shekara da shekaru. In duk waɗannan a bushe suke sannan ka koma bayan fuli na gaba, da gasket ɗin kwanon mai. Sil na baya shine ƙarshe. Shi kuma in da gaske shine, sau da yawa zakaji kuloci ya fara santsi ko karkarwa saboda mai ya taɓa faranti.

Na canza gasket har sau biyu amma yoyo bai daina ba, jabu ake sayar min?

Zai yiwu, kasuwa akwai jabu. Amma nafi zargin abu biyu. Na farko ɗauri: yaran gareji suna ganin in an matse noti da ƙarfi shine zai riƙe, alhali tof koba da kwanon mai ƙarfe ne mara kauri, matsi yana lanƙwasa bakinsu ya murƙushe gasket. A ɗora murfin akan abu mai shafaffen fuska a gani ko ya lanƙwashe, a daidaita shi, a kankare tsohon gasket tsaf, sannan a ɗaure kaɗan kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Gam ma shafa ake siriri, in aka lafta shi ragowar tana gutsurewa ta faɗa ciki taje ta toshe rariyar famfon mai.

Na biyu kuma wanda kusan kowa yake mantawa, numfashin inji. Akwai bututun da iskar cikin inji take fita ta nan, in ya toshe da dauɗa iskar bata da hanya sai ta tura mai ta kowace kafa, ko sabon sil ka saka zai ɓalle. Cire bututun ka wanke. Sannan inji na aiki ka buɗe murfin zuba mai, in kaga hayaƙi na bugowa da ƙarfi fuf fuf, ga kuma shuɗin hayaƙi a salansa, toh ringi ne suka cinye, canza gasket ba zai raba ka da yoyo ba sai an shiga cikin injin.

Maganin tsaida yoyo na gwangwani fa, ko in koma mai mai kauri?

Na gwangwani roba yake kumburawa, zai iya ɗan rage naso na wani lokaci, amma baya ɗinke abinda ya yage. Mai kuma 20W-50 ya dace da tsohon inji a zafin ƙasarmu, ka tsaya a kansa. Kar dai ka cika shi ya wuce layin sama na geji, shima yana jawo yoyo.

Zan iya yi da kaina a gida?

Wanki, hoda, tof koba, filta, suwic da wosha duk zaka iya in kana da sifana da haƙuri. Abinda nake roƙonka kar ka taɓa shiga ƙasan mota jak kaɗai na riƙe da ita, a sa mata wani abu mai ƙarfi ya tokare, a kuma sa dutse a taya. Kwanon mai da sil na baya kam ka kai wa tsohon bakaniken Fijo, ka nuna masa layin da mai ya zana a hodar da idonka kafin ya ɗauki sifana.