Yoga da makaɗi a gefe: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wai yoga rawa ce, tunda har da kiɗa?

A'a. Miƙe gaɓoɓi ne da sarrafa numfashi, kuma daga Indiya ta fito. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni, an fara bikin a 2015. Ku daina turo min wannan tambayar.

Zai warkar min da hawan jini?

Hajiya, kada ki kuskura ki ajiye maganinki. Jiki yana sakewa, wasu barcinsu yana gyaruwa, amma mai hawan jini ba ya tsayuwar kai ƙasa ƙafa sama, ko da waye ke busa sarewa. Ki fara ganin likita.

Me ya hana in kunna waƙa a waya?

Babu. Sai dai waya ba ta da ido. Makaɗin da ke zaune a kusurwar ɗaki yana kallon ƙirjin mutane. In ya ga an fara haki, sai ya sassauta hannu. Da waya kuwa kai ne kake bin kiɗa a guje.

In zan ɗauko makaɗi, dole sai irin na Indiya?

To, nan ne wuya. A garin Rishikesh na Indiya, bakin kogin Ganga, za ka ji tanpura mai igiya huɗu tana gurnani ba ta sauya murya, ga sarewar gora da suke kira bansuri, wani lokaci da ƙananan ganguna da suke kira tabla. Abin da ake nema shi ne sauti mai tsawo wanda numfashi zai jingina da shi. Sarewarmu za ta iya, gurmi ma zai iya in mai shi yana da haƙuri. Kalangu ne nake shakka. Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba, amma ganga ce mai magana, kunne zai tafi sauraron abin da take faɗa, kafaɗa ta fara motsi. Kuma ya danganta da mutumin: na taɓa ɗauko wani gwanin biki, minti goma bai cika ba ya fara yi wa wani alhaji kirari, alhajin kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya. Ka zauna da makaɗin tukuna, ka gaya masa babu roƙo, babu liƙi, kuɗinsa a hannu. A kwanciyar ƙarshe, wadda suke kira shavasana, ni na fi son ya yi shiru, ko da yake wasu sun fi son sauti ya bi su a hankali. Gwada duka biyun.

Akwai bautar gumaka a ciki?

A kirtan da ake rerawa a wasu ajujuwan yoga, e: waƙar amshi ce da ake ambaton allolin Hindu. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta hana Musulmi yogar da ke ɗauke da irin wannan, ta bar ta motsa jiki zalla. Ka tambayi mai ajin abin da za a rera kafin ka biya, ba bayan ka shimfiɗa tabarma ba.