Makirufo Dainamik da Yadda Murya Take Fita a Cikinsa

Makirufo dainamik na'ura ce da ke mayar da sauti ya zama 'yar wutar lantarki ta hanyar maganaɗisu da naɗin waya, ba tare da batir ko wata wuta daga waje ba. Shi ne wanda aka fi gani a hannun mai sanarwa a wurin biki, a gaban liman, a kan teburin mai karanta labarai a gidan rediyo, da gaban masu shirin fodkas. Ginin cikinsu kusan iri ɗaya ne, amma mutum ɗaya zai karanta jimla ɗaya a cikin guda biyu, muryarsa ta fita kamar ta mutum biyu. Mafi yawan wannan bambanci yana zuwa ne daga yadda kowane makirufo yake yi da murya idan baki ya matso shi, da kuma yadda yake fito da kaifin baƙaƙe.

Yadda yake aiki

A bayan ragar ƙarfen da ake magana a cikinta akwai wani siririn tantani na roba. A jikinsa an manna naɗin waya mai laushi kamar gashi, naɗin kuma yana zaune a cikin ratar maganaɗisu. Idan murya ta girgiza iska, iska ta girgiza tantanin, naɗin ya riƙa kai da komo a cikin maganaɗisun, sai wuta ta samu a wayar daidai da yadda muryar take hawa da sauka. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ce a Ingila a 1831. Lasifika ma haka take, sai dai aikinta a juye yake: ita wuta take karɓa ta fitar da sauti.

Injiniyoyi biyu na ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, Wente da Thuras, su suka fitar da irinsa da gidajen rediyo suka fara amfani da shi sosai a 1931, wato Western Electric 618A. A 1939 Benjamin Bauer na kamfanin Shure ya ƙera Unidyne 55, wanda da tantani ɗaya tak yake jin abin da ke gabansa ya rage na bayansa. Daga nan aka samo siffar jin da ake kira ta zuciya, domin idan aka zana yadda makirufon yake ji a takarda, zanen kan yi kama da zuciya.

Naɗin wayar yana da ɗan nauyi, shi ya sa tantanin ba ya zabura da sauri kamar na makirufo kondensa, wanda sai an ba shi wuta, yawanci bolt 48. Wannan nauyin ne yake sa dainamik ya ɗan lulluɓe ƙarar leɓe da ta miyau da ƙananan kaifin da kondensa yake tonowa.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa dainamik "ba ya jin hayaniya". Maganar tana da gyara. Makirufo bai san muryar mutum daban da ƙarar janareta ba. Abin da yake faruwa shi ne ana magana a cikin dainamik baki dab da raga, kuma duk sanda aka rage tazara da rabi, murya kan ƙaru da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) alhali hayaniyar ɗakin tana nan yadda take. Wanda ya matso daga santimita 20 zuwa 5 ya samu ratar desibel 12 a kan fankar da ke juyawa a samansa. Wanda ya ja baya kamu biyu kuwa zai ji ɗakin da amonsa, komai tsadar abin da ya saya.

Inda murya take zaune

Ana auna kauri da sirantakar sauti da haz, wato yawan girgiza a cikin daƙiƙa ɗaya. Tushen muryar namiji baligi yakan faɗo tsakanin haz 85 zuwa 180, na mace tsakanin 165 zuwa 255. Amma abin da ke sa a gane kalma yana can sama, wajen haz 2,000 zuwa 4,000, inda baƙaƙe suke rabuwa da juna. Shi ya sa tsohon layin tarho, wanda ke ɗaukar haz 300 zuwa 3,400 kawai, ake gane magana a cikinsa duk da muryar ta zama kamar daga cikin gwangwani. Sama da nan, tsakanin 5,000 zuwa 8,000, nan sautin "s" da "sh" suke, kuma nan ne makirufo mai kaifi yake fara soka wa mai sauraro kunne.

Kaurin kusanci: SM7B da RE20

Duk makirufon da ke jin gefe ɗaya yana da wata ɗabi'a: da zarar baki ya matso, sai ƙasan murya, wato kaurinta, ya kumbura. Wannan ne asalin kakkaurar muryar nan ta rediyo da matasa masu koyon gabatar da shiri suke sha'awa. A kan wannan ɗabi'a ne shahararrun makirufon magana guda biyu suka raba hanya.

Shure ya fitar da SM7 a 1973, ya sabunta shi zuwa SM7A a 1999, sannan SM7B a 2001. Yana ɗaukar haz 50 zuwa 20,000. An tura tantaninsa can ciki, bayan doguwar raga da soso, ta yadda ko mutum ya manna leɓensa, akwai sauran tazara tsakaninsa da tantanin. Sautinsa mai duhu ne, wato marar kaifi, da taushi. Mai siririyar murya ko mai yawan "s" yakan ji daɗinsa. Mai murya mai kauri kuwa, idan ya manne masa, maganarsa kan fita kamar ya rufa da bargo. Don haka aka sa masa maɓallai biyu a gindi, ɗaya na rage kauri, ɗaya na ɗaga tsakiyar murya. Da yawa daga masu kukan cewa ya yi musu duhu ba su taɓa juya shi sun duba gindinsa ba.

RE20 na kamfanin Electro-Voice ya girme shi, domin a 1968 ya fito, kuma shi ne aka daɗe ana gani rataye a gidajen rediyon Amurka. Yana ɗaukar haz 45 zuwa 18,000. Masu ƙera shi sun huda ƙofofin iska a jere a gefen jikinsa, tsarin da suka sa wa suna Variable-D, don sauti ya shiga bayan tantanin ta wurare masu nisa daban-daban. Sakamakon haka kaurin kusanci ya ragu ƙwarai. A ɗauki mai gabatar da shirin kiran waya: yanzu ya sunkuya yana karanta saƙo a takarda, yanzu ya juya ga baƙonsa, can ya jingina da kujera yana dariya. A SM7B za a ji muryarsa tana kumbura tana sacewa da kowane motsi. A RE20 ƙarfinta ne zai ragu ko ya ƙaru, launinta kuwa yana nan kusan yadda yake. Wasu kunnuwa kan ji shi a bushe idan an ajiye shi kusa da SM7B, wasu kuma su ce shi ne ya fi kama da mutumin da ke zaune a gabanka. Don shirin hira da baƙon da bai saba da makirufo ba, RE20 ya fi sauƙin sha'ani. Abin kiyayewa ɗaya ne: kada a rufe ƙofofin gefen da hannu.

Dukansu biyu masu nauyi ne, kowanne ya haura giram 700, sai an rataye su a ƙarfe. Dukansu kuma an kare su daga gurnanin wutar lantarki, wanda a Najeriya da Nijar yake a kan haz 50, a Amurka kuma 60.

Na Jamus da sauransu

Sennheiser MD 421 ya fito a 1960. Ya fi waɗancan biyu haske, yana turo tsakiyar murya gaba, har mai magana a hankali ma ya fito sarai. Yana da zobe mai matakai biyar a wajen da ake jona waya, daga M zuwa S, haruffan farko na kalmomin Jamusanci na kiɗa da magana; kowane mataki zuwa S yana ƙara yanke kauri. Aibinsa yana tare da amfaninsa: mai kaifin "s" zai ji ta ƙara kaifi. Maƙalinsa kuma ya yi ƙaurin suna wajen sakin makirufon ya faɗo. Ƙanensa MD 441, na 1971, ya fi shi santsi da kusanci da sautin kondensa, ya kuma fi shi tsada.

Beyerdynamic M 88, na 1962, yana da ƙasa mai zurfi da sama a buɗe, kuma yana ba da ƙarfi fiye da yawancin 'yan uwansa, sai dai iskar baki tana saurin bugunsa, dole a sa masa soso. Shi da MD 441 jinsu ya fi na zuciya matsewa ta gefe, amma suna ɗan jin abin da ke daidai bayansu. Ke nan mai SM7B zai juya gindin makirufonsa ga tagar da hayaniya take shigowa, mai M 88 kuwa ya bar tagar a baya ta gefe.

Heil PR 40 na Amurka da Procaster da PodMic na kamfanin Rode da ke Sidni a Ostireliya sun zo ne a zamanin fodkas. PR 40 yana da ƙasa da sama masu yawa, kamar an riga an gyara muryar; PodMic tsakiya ya fi turowa.

SM58 da na 'yan jarida

SM58 na kamfanin Shure, na 1966, mai kan ƙwallo, don riƙewa a hannu a kan dandamali aka yi shi. An rage masa ƙasa tun daga masana'anta don ya daidaita da bakin da ke manne da shi, an ɗaga masa wajen haz 5,000, samansa kuma ya tsaya a 15,000. An yi shekaru da dama ana sayar da shi kusan dala 100 a Amurka, SM7B kuma kusan 400. Idan aka sa wa SM58 soso mai kauri, aka kafa shi a ƙarfe, aka yi magana daga tazarar yatsu huɗu, ratar da ke tsakaninsa da SM7B ba ta kai ratar kuɗinsu ba, musamman ga wanda zai saurara a lasifikar waya. Yayansa SM57, na 1965, shi ake kafawa a gaban shugabannin Amurka tun zamanin Lyndon Johnson.

'Yan jarida masu ɗaukar murya a kasuwa ko bakin titi sukan zaɓi dainamik mai jin ko'ina, kamar Electro-Voice 635A da RE50, ko Sennheiser MD 21 na 1953. Irin wannan ba shi da kaurin kusanci sam, iska da motsin hannu ba sa damunsa sosai, kuma ba sai an saita shi daidai bakin mutum ba. An san 635A da jure wahala. Zafi da ƙurar hunturu ma dainamik ya fi kondensa jure musu.

Ƙarfin da yake buƙata

Wutar da dainamik yake fitarwa kaɗan ce, ta SM7B kuma ta fi ƙanƙanta: kusan milibolt 1.1, inda RE20 yake ba da 1.5, SM58 kuma kusan 1.9 a ma'auni ɗaya. Don magana ta yau da kullum SM7B yakan nemi ƙarin ƙarfi kusan desibel 60. Ƙaramar miksa (na'urar da ake jona makirufo a cikinta) mai araha, idan aka murɗa ta ƙarshe, sai ta fara huci, "shhh" a ƙarƙashin murya, mutum ya ɗora wa makirufo laifin da ba nasa ba. Shi ya sa ake saka ƙananan na'urori a tsakiyar waya, irin su Cloudlifter da FetHead, masu ƙara kusan desibel 25. A 2023 Shure ya fitar da SM7dB mai ɗauke da nasa a ciki.

Yadda ake kwatanta su

Kunne yana da son kai: cikin sauti biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi yake ji ya fi daɗi. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarfin muryoyin ba, makirufon da ya fi ba da wuta ne zai ci. Don haka akan kafa su gefe da gefe, tazara ɗaya daga baki, a jona su a na'ura ɗaya, a ɗauka lokaci guda, sannan a daidaita ƙarfinsu a kwamfuta. Wani ya ɓoye sunayen, mai sauraro ya zaɓa bai san wanne ne wanne ba. Ana kuma saurara a abin kunne da lasifikar waya da rediyon mota, tunda nan masu sauraro suke. Mai muryar shi ne mafi raunin alƙali, domin ya saba jin kansa ta ƙashin kansa, inda muryar take fi masa kauri.

Harshen da za a yi magana da shi ma yana da tasiri, kuma yawancin gwaje-gwajen da ke intanet da Turanci aka yi su, inda "p" ce babbar mai buga wa tantani iska. Hausa tata matsalar daban ce. "F" a bakin Bakano da leɓe biyu ake hura ta, wani lokaci har ta koma kamar "p", ita ce mai aika iska kai tsaye cikin raga. "Ɓ" da "ɗ" ba su da wannan matsala, tunda ba a tunkuɗo iska waje wajen furta su. "Ƙ" da "ts" kuwa da maƙogwaro ake matso su, suna fita da ɗan tsartuwa mai kaifi. Makirufo mai haske irin MD 421 yakan ƙara musu tsini, mai duhu kuma ya sa "ƙ" ta kusanci "k", a ji "baƙi" kamar "baki". Mai gwadawa zai iya haɗa jimla irin "Fati ta tsinci tsintsiya a ƙofar ɗakin baƙi", ya karanta ta daga yatsu biyu, sannan daga kamu ɗaya, sannan ya ɗan kauce gefe ya maimaita.

Kafin a yanke wa kowane makirufo hukunci, sai a tabbatar na gaske ne. SM58 yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, har da kwali da takardu masu kama da na asali. Na gaske nauyinsa kusan giram 300 ne. Jabun yakan fi sauƙi a hannu, muryarsa siririya mai ƙarar gwangwani, kuma da an shafa jikinsa da yatsa sai a ji gurzar ta fito a lasifika.