Glenda Jackson: 'yar wasan da ta bar fim ta shiga majalisa, ta dawo tana da shekara 80

Ranar 15 ga watan Yunin 2023 Glenda Jackson ta rasu a gidanta da ke unguwar Blackheath a Landan, tana da shekara 87. Mutanen Ingila sun san ta a fuska biyu: gwanar wasan kwaikwayo, da kuma 'yar majalisa mai faɗar gaskiya komai ɗacinta. Ga amsoshin tambayoyin da mai karatu zai so yi game da ita.

Wace ce ita, kuma daga ina ta fito?

An haife ta ranar 9 ga watan Mayun 1936 a Birkenhead, garin da ke fuskantar Liverpool a ɗaya gefen kogin Mersey. Gidansu gidan talakawa ne. Mahaifinta magini ne, mahaifiyarta kuma tana aikin shara da goge-goge da tsaron kanti. Da ta bar makaranta sai ta kama aiki a kantin magani na Boots, tana yin wasan kwaikwayo a wata ƙungiyar 'yan sha'awa idan ta tashi aiki. A 1954 ta samu tallafin karatu zuwa RADA, makarantar koyon wasan kwaikwayo da ta fi kowace suna a Landan.

Wannan asalin bai taɓa barinta ba, kuma a ganina shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ta yi daga baya.

Da ta gama karatu, nan take ta yi suna?

A'a. Ta sha wahala na shekaru, tana yawo da ƙananan ƙungiyoyin wasa daga wannan gari zuwa wancan, wani lokaci ta daɗe babu aiki har ta koma tsaron kanti ko kai abinci a gidan cin abinci. Ƙofa ta buɗe mata ne bayan ta shiga kamfanin Royal Shakespeare, inda darakta Peter Brook ya ba ta matsayin Charlotte Corday a wasan daɓen Marat/Sade a 1964. Wasan ya je New York a 1965, aka mayar da shi fim a 1967. Daga nan masu shirya fina-finai suka fara nemanta.

Mene ne ya bambanta ta da sauran 'yan wasan zamaninta?

Murya da kuma rashin neman a so ta. Tana da murya mai kaifi wadda ke isa ƙarshen zaure ba tare da ihu ba, kuma ba ta sassauta halin wadda take kwaikwaya don masu kallo su tausaya mata. Idan mace ce mai taurin kai, haka za ta fito da ita. A shirin BBC na 1971 mai suna Elizabeth R, inda ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya daga ƙuruciya har tsufa cikin kashi shida, sai da ta aske gashin gaban kanta don goshinta ya yi kama da na sarauniyar. Shirin ya samar mata lambar Emmy biyu.

Ta ci Oscar sau biyu a matsayin gwarzuwar 'yar wasa: na farko da fim ɗin Women in Love na 1969, na biyu da A Touch of Class na 1973. Na biyun fim ne na barkwanci, kuma an ba ta matsayin da ta fito a cikinsa ne bayan daraktan ya gan ta tana ba mutane dariya a shigar Cleopatra a shirin talabijin na Morecambe da Wise. Duka bukukuwan Oscar ɗin biyu ba ta halarta ba. A wurinta aikin ne abin daraja, gunkin da ake miƙawa kuwa ta bar wa mahaifiyarta.

To me ya kai ta siyasa?

Tun da can 'yar jam'iyyar Labour ce, kuma mulkin Margaret Thatcher na 1979 zuwa 1990 ya ɓata mata rai ƙwarai, domin tana ganin ya durƙusar da irin mutanen da ta taso a cikinsu. A zaɓen 1992 ta ci kujerar mazaɓar Hampstead da Highgate a arewacin Landan, ta ajiye wasa gaba ɗaya. Ba ta raba ƙafa ba. Shekara 23 ta yi a majalisa tana sauraron koke-koken mutanen mazaɓarta.

Firaminista Tony Blair ya naɗa ta ƙaramar ministar sufuri a 1997, ta riƙe har 1999. Daga baya ta zama cikin masu sukarsa da babbar murya daga cikin jam'iyyar, musamman kan yaƙin Iraƙi na 2003. A zaɓen 2010 da ƙyar ta sha: da ratar ƙuri'a 42 kacal ta ci mazaɓar Hampstead da Kilburn.

Wane jawabinta ne aka fi tunawa?

Na watan Afrilun 2013. Thatcher ta rasu, an kira majalisa zaman yabon marigayiya. Glenda ta miƙe ta ce aƙidar Thatcher ta yi wa ƙasar mummunar illa a zamantakewa da tattalin arziki, ta mayar da haɗama da son kai abin yabo. Ta tuna musu makarantun da littattafansu suka yayyage, da marasa gida da ke kwana a ƙofar kantuna. 'Yan jam'iyyar Conservative suka yi ta yi mata ihu, amma kakakin majalisa John Bercow ya ce ba ta saɓa wa ƙa'ida ba. Wasu sun ce ranar makoki ba ranar wannan magana ba ce, kuma na fahimci dalilinsu. Sai dai abin da ta faɗa a ranar shi ne abin da ta daɗe tana faɗa tun Thatcher na raye.

Yaya aka yi ta dawo dandamali?

Ta bar majalisa a 2015. A 2016, tana da shekara 80, ta hau dandamalin gidan wasa na Old Vic a matsayin Sarki Lear, ɗaya daga cikin matsayi mafi nauyi da Shakespeare ya rubuta. Labarin wani tsohon sarki ne da ya raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa mata bisa daɗin bakin kowacce, ya kori autar da ta ƙi yi masa fadanci, ya ƙare cikin hauka da nadama. Matsayin namiji ne, wasan kuma ya haura awa uku, ga shi ta yi kusan shekara 25 ba ta hau dandamali ba. Hujjarta ita ce idan mutum ya tsufa, bambancin da ke tsakanin mace da namiji yakan fara dusashewa. Masu sharhi sun yaba mata sosai, kuma ta sake yin Lear a New York a 2019.

A 2018 ta ci lambar Tony, wadda ake ba 'yan wasan dandamali a Amurka, da wasan Three Tall Women, ta shiga sahun 'yan ƙalilan da suka haɗa Oscar da Emmy da Tony. A 2020 ta ci lambar BAFTA ta Birtaniya da fim ɗin talabijin Elizabeth Is Missing, inda ta fito a matsayin tsohuwa mai ciwon mantuwa da ke neman ƙawarta.

Wane ne aikinta na ƙarshe?

Fim ɗin The Great Escaper, tare da Michael Caine. Ta fito a matsayin matar wani tsohon soja da ya sulale daga gidan kula da tsofaffi ya tafi Faransa bikin cika shekara 70 da saukar sojojin ƙawance a Normandy lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta kammala ɗaukarsa kafin rasuwarta, aka fito da shi a watan Oktoban 2023, kusan wata huɗu bayan ta bar duniya.